SHIRLEY JACKSON: MATAR DA TA GANO TSORO A CIKIN GIDA



Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Shi ya sa duk tatsuniyar ban tsoro da aka yi mana muna yara, sai an fita da mu bayan gari tukuna. Dodo yana bakin kogi, kura tana hanyar dawowa daga kasuwa, aljani yana gindin tsamiya. Da zarar an shigo gida an sa sakata, shi ke nan an tsira. To yau tarihin wata marubuciya 'yar ƙasar Amurka na kawo muku, wadda ta yi shekara 20 da ɗoriya tana rubuta labaran da ke hana manyan maza barci, alhali da wuya ki yi ido biyu da dodo ko fatalwa a cikin littattafanta. Ita a cikin gida ta samo tsoronta: a madafa, a ɗakin kwana, da wajen maƙwabta masu fara'a da yawan gaisuwa. Sunanta Shirley Jackson, kuma matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, mai girki da wanki da wanke-wanke kamar kowacce a cikinmu.

An haife ta ranar 14 ga watan Disamba, 1916, a birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya. Gidansu gidan rufin asiri ne, babu yunwa babu tsiraici, amma akwai wata ƙishirwa da kuɗi ba sa kashewa. Mahaifiyarta, Geraldine, mace ce mai son ado da shiga taron manyan mata, ta so a ce ta haifi 'ya siririya 'yar kwalisa wadda za ta riƙa nunawa ƙawaye. Sai ga yarinya mai jiki, mai shiru-shiru, wadda ta fi son ta kulle kanta a ɗaki ta yi ta rubuce-rubuce. Tun daga ƙuruciya uwar ta sa ta a gaba da gori kan ƙibarta da gashinta da irin shigarta, kuma ba ta fasa ba har Shirley ta girma ta yi suna. A 1962 ma da mujallar Time ta buga hotonta tana yabon sabon littafinta, wasiƙar da uwar ta aiko ta faɗa ce kan yadda ta fito a hoton. Ku riƙe wannan a ranku, domin za ku sake gamuwa da irin wannan uwa a cikin labaranta.

Tana budurwa iyayenta suka koma garin Rochester a jihar Niyok. Ta shiga jami'ar garin a 1934, karatun bai yi mata daɗi ba, ta bari a 1936. Shekara guda ta yi a gida, amma ba zaman banza ba, don kuwa ta ɗora wa kanta dokar rubuta kalma 1,000 kowace rana. Daga nan ta shiga jami'ar Syracuse, inda wani ɗalibi mai suna Stanley Hyman ya karanta wani ɗan gajeren labarinta a mujallar makaranta, ya ce shi fa ya ga matar aure tun bai san fuskarta ba. Haka kuwa aka yi, suka yi aure a 1940, shekarar da suka gama karatu. Shi Bayahude ne, ita kuwa daga gidan Kiristoci ta fito, saboda haka dangi ta kowane ɓangare ba su yi murna da auren ba.

A 1945 mijin ya samu aikin koyarwa a kwalejin Bennington, suka tattara suka koma wani ƙaramin gari mai suna North Bennington a jihar Vermont, inda ta yi mafi yawan sauran rayuwarta. Irin garin nan ne da kowa ya san kakan kowa, baƙo kuwa ko ya shekara 20 sunansa baƙo. Ga su 'yan boko masu tulin littattafai, ga mijin Bayahude, sai mutanen gari suka riƙa yi musu kallon hadarin kaji. 'Ya'yan suka zo a jere, a 1942 da 1945 da 1948 da 1951. Ita ce cefane, ita ce girki, ita ce kai yara makaranta a mota, ita ce saukar baƙin miji waɗanda ba sa yankewa. Rubutu kuwa sai abin da ta sata daga lokacinta, in yara sun tafi makaranta ko sun yi barci, ta jawo tafireta ta hau bugawa.

To a cikin irin wannan zirga-zirga ne labarin da ya ɗaga sunanta ya zo mata. Ita da kanta ta ba da labarin cewa wata safiya ce tana dawowa daga cefane, tana tura 'yarta a keken jarirai tana hawan tudu, tunanin ya faɗo mata. Da isarta gida ta ajiye kaya, ta zaunar da yarinya, ta rubuta shi. Sunan labarin The Lottery, wato Ƙuri'a, kuma mujallar The New Yorker ta buga shi ranar 26 ga Yuni, 1948.

Bari in ba ku shi a taƙaice. Wani ƙauye ne mai mutane kamar 300. Ranar 27 ga Yuni da hantsi, gari ya yi kyau, furanni sun buɗe, kowa ya fito dandali. Yara maza suna tara duwatsu kamar wasa, maza suna hirar gona, mata suna ɗan taɓa gulma. Wata mata mai suna Tessie Hutchinson ta iso a makare tana dariya, wai wanke-wanke ne ya tsare ta har ta manta ranar ce. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati cike da 'yan takardu a nannaɗe, kowane magidanci ya ɗauki ɗaya. Mai karatu yana ta zaton kyauta za a ci. Takarda mai baƙin ɗigo ta faɗa hannun mijin Tessie, nan take fara'arta ta ɗauke, ta hau cewa ba a yi adalci ba, har ta nemi a sako 'yarta mai aure a cikin lissafin gidansu don rabon ya ƙaru. Aka sake zaɓe a tsakanin mutum biyar na gidan, ɗigon ya faɗo kanta. Sai a nan ne za ki gane amfanin duwatsun da yara suka tara. Ƙawar da suka gama raha da ita ɗazu ta sunkuci dutsen da sai da hannu biyu yake ɗaukuwa, ƙaramin ɗan Tessie ma aka miƙa masa 'yan tsakuwoyi. Ba ta yi wa kowa laifin komai ba. Haka suke yi duk shekara, sun gada ne kaka da kakanni, wai don amfanin gona ya yi kyau, kuma babu wanda ya iya tuna yadda abin ya samo asali.

Kai 'yan uwa, labarin nan ya tayar da ƙura! Mutane suka yi ta janye kuɗinsu daga mujallar, wasiƙu suka yi ta kwarara. Shirley ta ce a 'yan watannin nan ta karɓi wasiƙu sama da 300, guda 13 ne kawai masu daɗin karantawa, su ma yawancinsu daga abokan arziki. Har iyayenta sai da suka rubuto cewa labarin bai yi musu ba. Amma abin da ya fi ba ta mamaki shi ne masu tambayar a wane gari ake wannan ƙuri'a, kuma ko ana barin baƙo ya je kallo. Kun ga ke nan masu zagin nata sun tabbatar da maganarta da hannunsu. Ku tuna kuma shekara 3 kacal ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da duniya ta ji yadda a ƙasashen Turai maƙwabci ya riƙa miƙa maƙwabcinsa Bayahude a kai shi a halaka, sannan ya koma gida ya ci abincinsa. Matar Bayahude ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da taron mutanen kirki ke iya aikatawa.

A wannan shekara ta 1948 dai ta je asibiti haihuwarta ta uku. Ma'aikaciyar da ke cike takarda ta tambaye ta sana'arta, ta ce ita marubuciya ce. Matar ta ce to bari ta sa matar aure. Ta sake maimaita mata, duk da haka matar aure aka rubuta. Shirley ta mayar da abin na dariya a littafinta Life Among the Savages na 1953, wanda shi da Raising Demons na 1957 labaran rainon 'ya'yanta ne da rikicin gida, masu sa mutum ya yi dariya har da hawaye. Mujallun mata irin su Good Housekeeping suna biyan ta kuɗi masu kauri a kan irin waɗannan labarai, har ta kai abin da take samu ya fi na mijin. Amma kamar yadda Ruth Franklin ta nuna a tarihin rayuwarta da ta wallafa a 2016, shi ne ke riƙe da kuɗin, sai abin da ya ga dama ya tsakura mata. Ga shi kuma da neman mata a waje, ba ya ko ɓoyewa. Yana yaba basirarta ƙwarai, yana tallata ta a gaban manyan masana, amma ko cokali ba ya ɗagawa a gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masana adabi na lokacin da yawa sun raina ta saboda waɗancan labaran gida, suna ganin mai rubuta zancen ƙazamin wandon yara ba za ta shiga sahun manya ba.

A 1959 ta fito da littafin da har yau ake sa shi a sahun gaba na labaran gidan fatalwa, The Haunting of Hill House. Wani masani ne, Dakta Montague, ya kama hayar wani tsohon gida da ake cewa ba ya zaunuwa, ya gayyato mutane su kwana a ciki don ya yi bincike. A cikinsu akwai Eleanor, 'yar shekara 32, wadda ta kashe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta mai faɗa da ƙorafi. Ba ta yi aure ba, ba ta da ƙawa, ba ta da ɗakin kanta. Bayan rasuwar uwar a ɗan gadon tafi-da-gidanka take kwana a gidan yayarta. Wannan gayyata ita ce karo na farko da wani ya neme ta don kanta. Saboda haka ta saci jiki ta ɗauki motar da suka yi tarayya da yayar, ta kama hanya tana murna.

Gidan kuwa komai nasa a karkace aka gina shi, ƙofofi suna rufe kansu, akwai wani wuri a bakin ɗakin yara da sanyinsa ke ratsa ƙashi. Da dare sai a ji ana dukan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, da safe a ga an rubuta sunan Eleanor a jikin bango ana kiranta gida. Akwai daren da ta ƙanƙame hannun abokiyar kwananta a cikin duhu don tsoro, da haske ya zo sai ta ga ashe abokiyar tana can nesa a kan nata gadon. To hannun wa ta riƙe? Shirley ba ta faɗa ba. Sai can a gaba Eleanor ta fasa ƙwai: a daren da uwarta ta rasu, ta yi ta buga bango tana kiranta ta kawo magani, ita kuwa ba ta tashi ba. Daga nan mai karatu zai fara tambayar kansa, shin bugun nan daga gidan yake fitowa ko daga zuciyar yarinyar? A ƙarshe sauran suka ga hankalinta yana neman gushewa, suka ce lallai ta koma gida. Allah sarki, wane gidan? Ta shiga mota, ta nufi wata babbar bishiya da ke kan hanyar fita, ta afka mata. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka a 1960, an yi fim ɗinsa a 1963 da 1999, kamfanin Netflix kuma ya yi shiri mai dogon zango a kansa a 2018.

Littafinta na ƙarshe da ta kammala shi ne We Have Always Lived in the Castle, na 1962. 'Yan mata biyu ne ya da ƙanwa, Constance da Merricat, suna zaune a babban gidan gadonsu da wani tsohon baffansu mara lafiya. Shekara 6 kafin nan an zuba guba a cikin sukari, mutum huɗu na gidan suka mutu a dare ɗaya. Aka kai yayar kotu, kotu ta wanke ta, amma bakin mutanen gari bai wanke ta ba. Tun daga ranar ba ta ƙara wuce lambun gidansu ba. Ƙanwar ce ke fita cefane sau biyu a mako, manya na harararta, yara na bin ta da waƙar habaici. Ranar da gobara ta kama gidan, mutanen gari suka zo aka kashe wuta, sannan suka afka ciki suka farfashe duk abin da wutar ta rage. Bayan kwana biyu kunya ta kama su, sai suka riƙa lallaɓowa da dare suna ajiye abinci a bakin ƙofa. Wanda ya zuba gubar kuwa ba zan faɗa muku ba, sai mai karantawa ta gani da idonta.

Abin tausayi, tana gama wannan littafi ita ma ta zama kamar Constance. Ciwon tsoron fita waje ya kama ta, ta yi watanni ba ta iya taka ƙofar gida. Ga asma, ga shan taba ba ƙaƙƙautawa, ga giya, ga ƙwayoyin rage ƙiba da na kwantar da hankali waɗanda likitocin zamanin ke rubuta wa mata kamar alewa. Da taimakon likitan ƙwaƙwalwa ta fara farfaɗowa, ta koma fita, har ta soma wani sabon littafi mai raha, Come Along with Me, labarin wata mata da mijinta ya mutu, ta sayar da komai nata, ta tafi garin da ba a san ta ba, ta raɗa wa kanta sabon suna. Ba ta ƙarasa shi ba. Ranar 8 ga Agusta, 1965, ta kwanta barcin rana, zuciyarta ta tsaya. Shekararta 48. Ta bar ƙagaggun littattafai 6, da na labarin gidanta 2, da gajerun labarai sama da 200.

Bayan rasuwarta an yi shekaru ana tunawa da ita da labarin Ƙuri'a kaɗai, wanda ake karantar da shi a makarantun Amurka. Amma masu sana'ar sun san darajarta. Stephen King, wanda ya yi fice a labaran ban tsoro, ya yaba littafin gidan fatalwar ƙwarai a wani littafinsa na 1981. A 2007 aka kafa wata kyauta da sunanta wadda ake bayarwa duk shekara ga marubutan irin waɗannan labarai, a 2021 kuma aka tattara wasiƙunta aka buga. Wadda aka ƙi rubuta wa marubuciya a takardar asibiti, ga shi yau da sunanta ake auna marubuta.

To 'yan uwa, me ya sa na zaɓo muku wannan baiwar Allah a cikin dubban marubuta? Saboda mutanen da ke cikin labaranta ba baƙinmu ba ne. Ki duba danginku da kyau, da wuya ki rasa Eleanor: yarinyar da aka bar wa jinyar tsohuwa shekara da shekaru, 'yan uwanta suna gidajen aurensu, ita kuwa ƙuruciyarta tana ƙarewa a wankin tsumma, ranar da tsohuwar ta cika kuma a rasa mai ba ta ko kusurwar ɗaki. In akwai irinta a gidanku, ki karɓe ta jinyar ko na kwana biyu ne, ki zauna ki tambaye ta abin da ita take so. Mutum in ya rasa mai nemansa, duk abin da ya kira sunansa zai amsa, ko da kuwa halakarsa ce.

Haka nan jifa ba sai da dutse ba. Sau nawa a gidan biki ko na suna ake ɗauko sunan wata a sa a tsakiya, wai mayya ce, wai ita ta ci 'yar kishiyarta, wai farar ƙafa gare ta shi ya sa mijin ya karye? Kowacce ta jefa nata, wadda ba ta san komai ba ma ta ce ai haka ta ji ana faɗa, yara suna gefe suna kwashewa, gobe su bi matar da waƙa a hanya. Ba wadda za ta koma gida tana jin ta yi kisa, domin kowacce ɗan guntu ta jefa. Tessie ma da dariyarta ta iso dandali, kuma ba ta ga aibin ƙuri'ar ba sai ranar da ta faɗo gidanta. Saboda haka in an miƙo miki tsakuwa a irin wannan zama, ki tambayi mai miƙowa wa ya gani da idonsa. In ba amsa, ki tashi ki ba su wuri.

Ke kuma ƙanwata mai ɓoye littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, kina ganin ba ki da abin faɗa tunda duniyarki ba ta wuce tsakar gida da madafa ba, ki tuna a hanyar dawowa daga cefane aka samo labarin da ya girgiza Amurka. Abin da kike gani kullum tsakanin uwa da 'ya, tsakanin miji da mata, tsakanin maƙwabta, ya ishe ki jari. Ki yanka wa kanki ko shafi ɗaya ne a rana, ki kuma san inda kuɗin guminki ke shiga, ki kula da lafiyarki, kada ki bari damuwa ta ci ki a tsaye kina murmushi kamar yadda ta ci wannan mata tun ba ta kai 50 ba. Mai jin Turanci a cikinku ta nemi labarin Ƙuri'a ta fara da shi, bai fi 'yan shafuka ba, ta karanta ta fassara wa 'yan uwa a tsakar gida, sannan ku tattauna a kansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, ya kare mu daga zama abin tsoro ga junanmu.